Shekarar da Yayana Ya Mai da Ni 'Yar Duba

A gidanmu ni kaɗai ce na taɓa yin karatu a ƙasar waje. Shi ma ɗin ba wani dogon zama ba ne, digiri na biyu ne, kuma wurin aiki ne suka tura mu. Ban nemi gurbi da kaina ba. Sunana ya fito cikin waɗanda aka zaɓa, aka ce mu kawo fasfo, na je na sha sanyi na dawo kan kujerata. Amma tun daga nan, duk abin da ya shafi Turai a danginmu ni ake kira. Maganin da aka rubuta bayaninsa da ƙananan haruffa, maganar biza, har wayar da ta ƙi buɗewa.

Yayana, wanda nake bi, ɗan kasuwar hatsi ne a kasuwar Muda Lawal da ke nan Bauchi. Masara, dawa, wake, wani lokaci da gyaɗa. Mutum ne da idan ya kalli yadda damina ta faro, ya saurari direbobin da ke shigowa daga ƙauyuka, zai faɗa maka yadda kaka za ta kasance, kuma da wuya ya kuskure. Shi ya sa bai taɓa yarda cewa akwai tambayar da mai ilimi zai kasa amsawa ba. A ganinsa idan ka ce ba ka sani ba, to ko dai ƙyuya ce ko ɓoyewa.

'Yarsa ta fari ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka ce ba su taɓa ganin irinsa a makarantar ba. Yarinya ce marar yawan magana, mai son lissafi da kimiyya. Wani malaminsu ne ya ba ta labarin manyan jami'o'in Amurka, waɗanda idan suka ɗauki ɗalibi, suka ga iyayensa ba za su iya biya ba, sai su ɗauki nauyinsa gaba ɗaya. Maganar ta shige ta, ita kuma ta kai wa mahaifinta.

Wata Juma'a bayan la'asar suka zo gidana a unguwar Gwallameji. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba ya fara.

“Ga 'yarki nan. Amurka take so. Ki duba mana, kashi nawa cikin ɗari za su ɗauke ta?”

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Da na ga fuskarsa sai na haɗiye sauran.

“Yaya, ai ba a faɗin irin wannan haka da ka.”

“To ki zauna ki yi lissafin. Ba gaggawa nake ba. Ga takardunta.”

Ya tashi ya tafi, ya bar min ita da takardun.

Na ɗauki abin da gaske, don ina son yarinyar. Kullum na taso daga ofis sai ta hau keke napep ta zo, mu zauna a tsakar gida da kwamfutata muna karatu. Abin da na fahimta bai yi min daɗi ba. Makarantun da take hari, mafi yawan masu nema mayar da su suke yi, kuma masu neman nan ba ragwaye ba ne. Kowa zakaran makarantarsu ne, daga kowane lungu na duniya. Cikin su kuma, baƙon da yake neman a biya masa komai shi ne ƙofarsa ta fi ƙunci. Sannan ba maki kaɗai suke dubawa ba. Suna son rubutu a kan rayuwarka, da shaidar malamanka, da abin da kake yi idan ba ka aji. Yadda suke haɗa waɗannan su yanke hukunci kuwa, babu wanda ke waje da ya sani.

Akwai shafuka a intanet da ake zuba sakamako su fitar da lamba, su ce ga yiwuwar samunka. Muka gwada. Da farko ma ba su san tsarin makinmu ba, sai da muka yi ta juya shi zuwa nasu. Wannan shafin ya ba mu lambar da ta sa yarinyar ta yi tsalle. Muka zuba abu iri ɗaya a wani, ya ba mu wadda ta sa ta yi shiru. Da muka koma na farkon muka danna cewa ita baƙuwa ce mai neman tallafi, lambar ba ta ko motsa ba, alamar bai ma san da wannan bambancin ba. Na rufe kwamfutar da haushi.

Ita ba ta haƙura ba. Ta shiga wani dandali inda ɗalibai ke baje sakamakonsu, baƙi su auna musu. Wani ya ce mata ta fara haɗa kaya. Wani ya ce kada ta ɓata lokacinta. Wani kuma, da ya ga ta rubuta arewacin Nijeriya, ya ba ta shawarar ta yi rubutunta a kan yunwa da tashin hankali, wai shi ke taɓa zuciyar masu zaɓe.

“Goggo,” ta ce da ni, “ni ban taɓa kwana da yunwa ba. Ƙarya zan yi musu?”

Na ce a'a. Na ce ta rubuta abin da ta sani. Sai ta yi rubutu a kan ƙwarin wake. Tun tana aji huɗu take jin mahaifinta na kukan yadda ƙwari ke cinye masa wake a sito, da yadda wasu ke zuba maganin da ke cutar da masu ci. Ita da kanta ta riƙa gwada ajiye wake a bokitai masu murfi tana toshe iska, tana kwatanta su da na buhu. Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Na karanta na ji alfahari, kuma na san duk da haka ba zan iya cewa ya isa ba.

Ranar da na je ba yayana amsa, a shagonsa na same shi ana sauke buhuna. Ya sa aka kawo min kujera.

“Yaya, na duba iyakar iyawata. 'Yarka ta cancanta. Amma masu cancanta sun yi wa guraben yawa. Yiwuwar kaɗan ce.”

“Kaɗan kamar yaya? Ɗaya cikin biyar? Ɗaya cikin goma?”

“Ba zan iya sa lamba ba. Duk lambar da na faɗa maka ƙirƙira ce.”

“To me kika je kika karanto?”

Na danne zuciyata. Na ce abin da ya fi muhimmanci shi ne ta yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ta nan gida, ta zauna ta rubuta. Idan can ya yiwu, falillahil hamdu. Idan bai yiwu ba, ba ta yi asarar shekara ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ya girgiza kai. “Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ta raba hankalinta, can ɗin ma ba za ta yi abin kirki ba. Kuma wanda ya riƙe ƙofar baya tun kafin ya shiga, ai bai yarda da Allah zai ba shi ba.”

“Wannan ba rashin yarda da Allah ba ne. Kai da kanka ba ka zuba jarinka duka a masara.”

“Masara na san ta. Ke kuma kin ce ba ki san wannan ba. To tunda ba ki sani ba, don me kike cewa kaɗan?”

Na ƙyale shi. Ba don ya yi gaskiya ba, sai don na ga duk ta inda na ɓullo zai tare. Muna cikin haka wani maƙwabcin shagonsa ya leƙo ya gaishe ni, ya ce, “Hajiya, ashe 'yarmu Amurka za ta? Allah Ya sa albarka.” A nan na gane inda gizo ke saƙa. Yayana ya riga ya faɗa wa layin hatsi gaba ɗaya. Rajistar jarrabawar gida a wurinsa tamkar ya fito ya ce bai tabbata ba ne.

Na kai ƙara wurin mahaifiyarmu a cikin gari. Ta saurare ni tana jan carbi, sannan ta ce, “'Yarsa ce. Ke dai ki yi mata fatan alheri, ki daina cewa ba za ta samu ba. Baki yana da kaifi.”

“Inna, ban ce ba za ta samu ba.”

“To me kika ce?”

Na sake bayani tun daga farko. Da na gama ta ce, “Ai shi ne dai.”

Na ce da yarinyar ta zo in kai ta ta yi rajistar a ɓoye, ni zan ɗauki nauyi. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya yin abu a bayan idon Baba ba. Ban ga laifinta ba, amma ranar da aka rufe rajistar na wuni ina jin kamar in fasa wani abu.

A ofis ɗinmu akwai wata abokiyar aikina, Kirista ce daga kudancin jihar, teburinmu na kallon juna. Ta ji ina ta waya a kan maganar, sai ta ce ai ɗanta ma yana nema. Washegari ta kawo min sakamakonsa ta ce in duba. Yaron ya yi ƙoƙari, amma bai kai 'yar yayana ba, musamman a lissafi. Na faɗa mata abin da na faɗa wa yayana, har na ƙara gishiri, don kada ta sa rai. Ta ce, “Ba komai, ya riga ya yi rajistar ta gida. Wannan gwaji ne kawai.” Na ce a raina, ina ma yayana ne.

Ɗaya daga cikin makarantun ta haɗa 'yar yayana da wata tsohuwar ɗalibarsu don su gana ta bidiyo. A gidana aka yi, saboda sabis ya fi ƙarfi a wajenmu. Na roƙi mai injin niƙa na bayan gidana ya dakata, ya ce to. Ana fara magana aka ɗauke wuta, maƙwabcina ya tada janareta, hoton matar ya riƙa tsayawa bakinta a buɗe. Duk da haka yarinyar ta yi abin a yaba. Ina daga ɗaki ina jin ta tana bayanin bokitan wakenta da Turanci mai tsabta, har matar ta yi dariya.

Yayana yana waje cikin motarsa. Ina fitowa ya sauke gilashi.

“Yaya aka yi?”

“Ta yi kyau sosai.”

“To yanzu ya ƙaru ke nan. Ya kai rabi?”

“Yaya, don Allah.”

“Ke dai ba kya son faɗin alheri,” ya ce, ya tada mota.

Amsoshin sun fara zuwa ne da tsakiyar zafi, lokacin da ko iskar fanka wuta ce. Sukan shigo ta imel, ta gan su da safe, ta turo min ba tare da ta ƙara ko kalma ba. Duk salonsu ɗaya. Sun gode, sun ga ƙwazonta, masu nema sun yi yawa a bana, suna mata fatan alheri. Na farko ya zo, na ce saura da yawa. Na biyu ya zo, na ce haka. Daga baya na daina cewa komai.

Makarantar da aka yi ganawar da ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sa ta cikin masu jira, idan wani ya fasa a kira ta. Yayana ya kira ni da murna.

“Kin gani ko? Sun ce ta jira. Mutum nawa ne a gabanta?”

“Ba sa faɗa.”

“To ki tambaye su.”

“Ba layin gidan mai ba ne, Yaya. Ba bi da bi suke kira ba. Wata shekarar su ɗauki wasu, wata shekarar ko mutum ɗaya.”

Ya kashe wayar ban gama ba.

Ana cikin wannan jiran, wata Litinin abokiyar aikina ta shigo ofis da roba cike da cincin tana rabawa, idanunta sun yi ja don kukan daɗi. Ɗanta ya samu. Ɗaya daga cikin makarantun da suka mayar da 'yar yayana ce ta ɗauke shi, kuma za ta biya komai. Na rungume ta, kuma Allah Ya sani na taya ta murna har zuciya. Amma da na zauna sai na tuna da yayana. Ta dube ni tana dariya ta ce, “Kin ga, ke da kika ce da wuya.” Ba da mugunta ta faɗa ba. Na ce, “Ai da wuyar ne. Ya dai samu.” Ni kaina na ji yadda maganar ta fito kamar ta mai kare kai.

Bauchi ba ta da girma idan labari ne. Kafin mako ya zagayo ya isa Muda Lawal. Yayana bai kira ba, zuwa ya yi, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

“Yaron nan da ya samu, an ce ke kika duba masa.”

“Na duba.”

“Aka ce kin ce tata ta fi tasa.”

“Sakamakonta ya fi nasa. Har gobe.”

“To shi ya samu, ita ba ta samu ba. Ke nan cikin biyu akwai ɗaya. Ko ba ki san abin ba tun farko kika hana mu neman wanda ya sani, ko kuma bakinki ne ya kama ta.”

“Na faɗa maka tun ranar farko babu wanda ya sani! Na roƙe ka ta rubuta ta gida!”

“Da kin ce min babu, da na haƙura. Da kin ce akwai, da na san kin tsaya mata. Ke kuwa kika tsaya a tsakiya.”

Ya juya ya tafi. Na rufe ƙofa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, abin da na faɗa shi ne ya faru, amma ba ni da hanyar nunawa. Na ce da wuya, yarinyar ba ta samu ba, aka ce bakina ne. Na ce da wuya, yaron ya samu, aka ce ban sani ba.

Da damina ta kankama makarantar da ta ce a jira ta rubuto cewa ta cika. A lokacin 'yan ajinsu da ta riƙa koya wa lissafi sun rubuta jarrabawar gida, suna jiran gurbi. Ita tana zaune.

Ta zo gidana wata Asabar, muna tsince shinkafa, ta ce, “Goggo, yaron nan da ya samu, me ya fi ni da shi?”

Na so in ba ta amsa. Na san yaron yana kaɗa kayan kiɗa a cocinsu, yana kuma koya wa yara. Wataƙila shi ne. Wataƙila rubutunsa ne ya faɗa hannun wanda ya ji daɗinsa. Wataƙila a shekarar sun riga sun ɗauki masu son kimiyya da yawa. Duk zato ne, kuma na gaji da zato.

“Ban sani ba,” na ce. “Su ma da za ki tambaye su, ban tabbata za su iya faɗa miki ba.”

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafar har muka gama.

Shekarar nan ta yi ta ne tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Tirwun, cikin sabbin gidajen da ake ginawa a bakin gonaki. Kullum sai ta hau keke napep ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Yayana kuwa ya ɗauke min ƙafa. Idan muka haɗu a wurin Inna sai gaisuwa ta fatar baki. A kasuwa, na ji an ce, idan aka tambaye shi maganar Amurka sai ya ce ana nan ana shiri, har mutane suka gane suka daina tambaya.

Da lokacin nema ya sake zagayowa na ce da ita ta ƙara gwadawa, amma a wannan karon mu haɗa da makarantun da ba su kai waɗancan tsanani ba. Na riga na nemo wasu, na san kuma yanzu ta fi sanin hanya. Ta ce a'a.

“Na gaji da a yi ta auna ni, Goggo.”

Na yi ta lallashi, ta ƙi. Wannan ma ya ba ni haushi, don a ganina a karo na biyun ne take da dama ta gaske. Amma na tuna wannan ma ganina ne kawai, ba sani ba, sai na ƙyale ta.

Da aka buɗe rajistar jarrabawar gida, mahaifinta da kansa ya ɗauke ta a mota ya kai ta. Bai faɗa wa kowa ba, a bakin mahaifiyarta na ji. Ta rubuta, ta ci da maki mai yawa, ta samu gurbi a jami'ar da ke nan garin, tana karanta injiniyancin noma.

Saboda gidana ya fi kusa da makarantar, aka yanke ta riƙa kwana a wurina ranakun karatu. Ba a tambaye ni kai tsaye ba, Inna ce ta aiko min da saƙon. Ranar da za ta tare, yayana ya kawo ta da akwatinta da katifa, da buhun wake da na shinkafa a bayan mota. Ya sa aka shigar da su kicin. Sannan ya cire takalmi ya shigo falo ya zauna, karo na farko tun ranar da ya tsaya min a bakin ƙofa.

Na kawo masa kunun aya mai sanyi. Ya sha, ya ce ya yi daɗi. Ya yi ƙorafin tsadar taki, da yadda manoma suka rage shuka masara suka koma waken suya. Na ce haka nake ji. Ya tambaye ni ko rufin ɗakin baya yana yoyo, na ce kaɗan, ya ce zai turo mai gyara kafin ruwa ya sauka. Yarinyar tana ciki tana jera littattafanta. Da aka kira magariba ya miƙe, ya leƙa ɗakin ya ce mata ta riƙa jin maganar goggonta, ya sa takalminsa ya wuce masallaci.